Sauyin Matsayin Maza da Mata a Ƙasar Hausa da Tasirinsa a Kan Sana'a da Zaman Iyali

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce zamani riga ne. Daga cikin al'amuran da zamani ya taɓa a ƙasar Hausa cikin shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce, kaɗan ne ake yawan tattaunawa a kansu a zaure da majalisa da ɗakin malamai kamar batun aikin maza da na mata, wato wane ne zai fita nema, wane ne zai zauna da yara, kuma aljihun wa za a taɓa idan hatsi ya ƙare. Sau da yawa idan aka tayar da maganar sai ka ji an ce ai a da mata ba sa aiki, boko ne ya fito da su. Wannan magana ba ta dace da abin da tarihi ya nuna ba. Matar Bahaushe ta daɗe tana sana'a, tana da jarinta, tana kuma da dukiyar da mijinta ba shi da iko a kanta. Abin da ya sauya shi ne wurin da ake yin sana'ar, da wanda yake kai ta ga masu saye, da kuma inda ribarta take tafiya. A wannan maƙala zan bi waɗannan abubuwa daki-daki tun daga zamanin gandu har zuwa yau, sa'annan in nuna yadda suka shafi zaman iyali. Mafi yawan misalaina daga ƙasar Kano suke da maƙwabtanta Katsina da Zazzau, domin nan na fi sani.

2.0 Rabon Aiki a Gidan Bahaushe na Dauri

Kafin zuwan Turawa, ginshiƙin tattalin arzikin karkara shi ne gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza, masu aure da marasa aure, suna noma babbar gona guda, su ci daga rumbu guda. Maigida ne yake fitar da hatsin da za a ci, ya biya kuɗin ƙasa, ya yi wa 'yan gandu aure idan sun isa, ya kuma sayi ragon suna. Baya ga gonar gandu akwai gayauna, wato 'yar gonar da ake yanka wa ɗan gandu ya noma wa kansa da yamma ko a ranakun da ba a aikin gandu. A wurare da dama, musamman a tsakanin Maguzawa da talakawan ƙauye, mata ma suna da gayaunarsu, kuma suna shiga gona lokacin shuka da girbi.

A cikin gida kuwa aikin mace ba ƙarami ba ne. Kafin tuwo ya sauka sai an yi sussuka da shiƙa da surfe da bakace, a niƙa a dutse ko a daka a turmi, a tankaɗe. Ga ɗiban ruwa, ga itace, ga renon yara. Duk da haka, idan ta sami sarari, musamman a ranar da ba ita ce da girki ba, sai ta ɗauko sana'arta. Babbar sana'ar mata a wancan zamani ita ce kaɗi. Za ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta ɗauko mazari da alli ta murza zare ko abawa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a shekarar 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yawan tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano, waɗanda fatake suke kai wa har Tambutu da Tarabulus. Masaƙa da marina da maɗinka da 'yan bugu maza ne, amma kowace riga da kowane turkuɗi daga mazarin mace suka faro. Akwai kuma saƙar mata ta tsaye, wadda ake yin gwado da majayi da ita, ga yin daddawa da sabulun salo da kitso da ungozomanci.

Abin lura a nan shi ne ƙa'idar da ke tafiyar da wannan tsari. A shari'ar Musulunci, wadda aka daɗe ana bi bisa mazhabar Malikiyya a ƙasar nan, ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan miji. Sadakin mace nata ne, gadonta nata ne, abin da ta samu a sana'arta nata ne. Al'ada ma ta tafi a kan haka. Shi ya sa a gidan Bahaushe ba a san asusu guda na miji da mata ba. Miji yana iya sayen furar matarsa ya biya, idan kuma ya ranci kuɗinta bashi ne, za ta tambaya.

3.0 Zuwan Turawa da Yaɗuwar Kulle

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kulle ya game ƙasar Hausa tun fil azal. Gaskiya ne cewa ya daɗe a gidajen sarauta da na malamai da na attajirai, amma a tsakanin talakawan karkara ya yaɗu ne sosai a cikin ƙarni na ashirin. Dalilan haka suna da yawa.

Na farko shi ne gushewar bauta. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar 1901 ɗa ne, sa'annan a shekarar 1936 aka haramta bauta baki ɗaya a Arewa. A da, bayi mata ne suke aikin gona a rinji da ɗiban ruwa da itace, matan 'ya'ya kuwa suna cikin gida. Da aka sami 'yanci, sai barin aikin gona ya zama alamar cewa mace ta zama 'ya, shi ma namiji iya tsare iyalinsa ya zama abin tunƙaho. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a shekarun 1949 da 1950, ya yi bayanin wannan sauyi. A daidai wannan lokaci ne matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar wata dattijuwa, Baba ta Karo, wanda aka buga a shekarar 1954, kuma a cikinsa ana ganin yadda rayuwar mata take kafin zuwan Turawa da bayansa.

Na biyu shi ne noman gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, kuma daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Kuɗi suka shigo hannun manoma, wasu suka sami halin ɗaukar 'yan ƙwadago da sayen jakuna na dakon amfanin gona da itace. A ƙasar Kano da Katsina kuma ruwa ba shi da nisa ƙwarai a wurare da yawa, ana iya haƙa rijiya a cikin gida. Da rijiya da jaki, sai manyan dalilan fitar mace suka ragu. Wa'azin malamai da son koyi da manyan gari suka ƙara ƙarfafa abin.

Wannan kuɗin gyaɗa, tare da harajin da ake biya da tsabar kuɗi da tafiya cin rani, shi ne kuma ya fara sassauta igiyar gandu. Saurayin da zai iya samun kuɗin aurensa da guminsa ba lallai ne ya jira uba ba. Sannu a hankali manyan gandaye suka riƙa rabewa, musamman da zarar maigida ya rasu.

Sana'o'in mata ma sun sauya. Yadi da zaren kanti suka cika kasuwa, a shekarar 1957 kuma aka buɗe babbar masaƙa ta farko a Kaduna. Kaɗi ya yi ta ja da baya har ya zama aikin tsofaffi. Na taso na tarar da kakata tana kaɗi, amma a cikin 'ya'yanta mata babu wadda ta gaje ta, dukkansu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suka kama. Injin niƙa kuma da ya shigo unguwanni da ƙauyuka ya ɗauke wa mata wahalar dutse da turmi, ya ba su lokacin sana'a, ko da yake ya rage abincin masu dakau.

4.0 Kasuwar Cikin Gida da Talla

Kulle bai hana mata neman kuɗi ba, sai dai ya mayar da kasuwarsu cikin gida. Wata Baturiya mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarar 1967, ta gano cewa akwai gagarumin ciniki na hatsi da abinci da ake yi daga gida zuwa gida ba tare da an kasa shi a kasuwa ba, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Duk wanda ya tashi a unguwar Hausawa ya san wannan kasuwa. An san gidan da ake ƙosai da koko, da gidan waina, da gidan ɗanwake, da gidan fura, da gidan da ake awon gero, da gidan dillaliya mai kayan sawa da kwanuka.

To, amma kasuwa ba ta ci sai da ƙafa, ƙafar matar kulle kuwa ita ce yaro. Yara ne suke sayo mata kayan haɗi, su kai niƙa, su ɗauki faranti su zaga gari, su karɓo bashi, su kai saƙo gidan ƙawa. Wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta yi nazarin wannan al'amari a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa samun matar kulle ya dogara ƙwarai a kan samun yaron da zai yi mata aike. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa riƙo ya yi ƙarfi, domin macen da ba ta da 'ya mace takan karɓo ta 'yar'uwarta.

Ina ribar take tafiya? Tun da ciyarwa tana wuyan miji, yawancin ribar mace tana shiga wurare uku. Akwai adashi, wanda shi ne bankinta. Akwai biki, wato gudummawar da mata suke yi wa juna a suna da aure, wadda ake mayarwa da ƙari idan zagaye ya zo. Sai kuma babba daga ciki, kayan ɗakin 'ya mace. A da jeren ƙore ne da tasoshi, daga baya aka koma kwanuka da langa da samira, yau kuma gado da katifa da kujeru da kayan wuta. Kayan ɗaki mutunci ne ga amarya a gidan miji, kuma ajiya ce da za ta iya sayarwa ranar da ta shiga wani hali. Saboda haka idan uwa ta ɗora wa 'yarta talla, a lissafinta gobe take gina wa yarinyar. Duk malamin da yake son ya fahimci dalilin da ya sa kujerun 'yan mata suke zama babu kowa a ajinsa, sai ya fara fahimtar wannan lissafi.

5.0 Ilimin Mata da Aikin Albashi

Karatun mata ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata. Karatun boko na mata kuwa ya makara. Sai a shekarar 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Katsina da Kano, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Abdullahi Bayero, kuma ɗaliban farko yawancinsu daga gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e suka fito. A shekarar 1939 aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato.

A shekarun 1950 maganar matsayin mata ta shiga siyasa. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta nemi a ilimantar da mata a kuma ba su damar jefa ƙuri'a. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa a kan wannan fafutuka. A shekarar 1956 Malam Isa Wali ya rubuta jerin maƙalu a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mata a Musulunci, waɗanda suka tayar da muhawara mai zafi. Amma matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a shekarar 1976, kuma a shekarar 1979 suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe na ƙasa.

A watan Satumba na shekarar 1976 ne kuma aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Wannan shiri ya taɓa kowane gida, domin ya nemi yaro a daidai lokacin da uwa take bukatarsa, wato da hantsi, lokacin cinikin ƙosai da waina da fura. Tun daga nan makaranta da talla suka shiga jan igiya a kan yarinya guda. Gwamnatoci sun sha kafa dokar hana talla, amma dokar ba ta cika yin tasiri ba, saboda ba ta kawo wa uwa wata ƙafar da za ta maye gurbin wadda aka ɗauke mata ba.

Matan aure su ma sun sami ƙofa. A shekarar 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci da koyon sana'a. Makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, na rana da na dare. A shekarar 1985 aka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna, wadda ta haɗa ƙungiyoyin mata Musulmi ta kuma buɗe makarantu da asibitoci. Islamiyya ta yi tasirin da ba a cika lura da shi ba. Ta ba matar kulle dalilin fita wanda miji ba zai iya musawa ba, ta kuma sanar da ita haƙƙoƙinta na nafaƙa da gado da ilimi daga littattafan fiƙihu.

Aikin albashi ya fara ne da koyarwa da aikin asibiti, kuma hujjar da ta fi shawo kan iyaye ita ce bukatar mace ta duba mace a ɗakin haihuwa, mace ta koyar da 'yan mata. Daga nan abin ya faɗaɗa. Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe muƙamin edita a jaridar Triumph ta Lahadi a Kano da kuma New Nigerian a Kaduna a shekarun 1980. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i daga Jigawa ta zama Ministar Ilimi daga 2010 zuwa 2013. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014.

6.0 Matsin Tattalin Arziki da Nauyin Cefane

A ganina, abin da ya fi boko girgiza tsohon tsari shi ne raunin samun magidanta. A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Darajar naira ta faɗi, albashi ya kasa kai wata. A shekarun da suka biyo baya masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje, ita ma masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daina aiki a shekarar 2002. Dubban magidanta suka koma acaɓa, da aka hana acaɓa a birnin Kano a shekarar 2013 kuma wasu suka koma A Daidaita Sahu. A ƙauye gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado da yawan jama'a, cin rani ya tashi daga watanni ya koma shekara. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar abinci da sufuri.

Sakamakon haka, ribar mace ta sauya hanya. Kuɗin da a da suke tafiya adashi da biki da kayan ɗaki, yanzu a gidaje da yawa su ne suke cika kuɗin cefane, su sayi magani, su biya kuɗin makaranta. Wani maigidan zai ajiye kwanon masara ya fita, niƙa da itace da kayan miya kuwa sai dai uwargida ta san yadda za ta yi. A karkara mata sun koma fita aikatau a gonakin noman rani, suna tsinkar tumatir da roron wake da aikin shinkafa. A yankin Kura mata ne suke turara shinkafa, a kasuwar Dawanau kuma za ka ga mata suna gyaran riɗi da zoɓo a ɗakunan ajiya ana biyansu.

Wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ta kawo wani sabon salo. Matar da ke cikin ɗakinta a yau tana iya ɗora hoton atamfa ko turaren wuta ko abinci a WhatsApp, mai saye ya tura mata kuɗi ta banki, ɗan aike ya kai kaya a babur. Wannan ita ce tsohuwar kasuwar cikin gida da sabuwar ƙafa. Sai dai ta fi amfanar mai jari da karatu da babbar waya. Mai ƙosai da ɗanwake har gobe farantin 'yarta ta dogara da shi.

7.0 Tasirin Sauyin a Kan Zaman Iyali

Tasiri na farko shi ne a kan shawara da iko. Macen da take biyan kuɗin makaranta tana ganin tana da ta cewa a kan wace makaranta za a kai yaro da kuma lokacin aurar da yarinya. A gidajen da aka fahimci juna wannan ya kawo rufin asiri. A wasu gidajen kuwa ya zama tushen rigima, domin tsohuwar ƙa'ida ta ce kuɗinta nata ne, halin da ake ciki kuma ya ce sai ta taimaka. Miji yana ganin tun da da izininsa take fita, kuma lokacin gidansa take ɗiba, yana da haƙƙi a albashinta. Ita kuma tana ganin abin da take bayarwa kyautatawa ce da ta cancanci godiya. Da yawa daga cikin sulhun da na halarta a matsayin wakili ko maƙwabci a kan wannan gaɓa suke tsayawa, kuma kusan kullum sai a tarar ba a taɓa zama an yi maganar ba kafin aure.

Na biyu shi ne reno. A gidan gandu yaro yana da iyaye da yawa, ga kaka, ga kishiyar uwa, ga matan baffanni. Idan uwa tana aiki akwai mai ɗauka. A yau ma'aurata da yawa a birni su kaɗai suke a gidan haya. Idan malama ko ma'aikaciyar jinya ta fita, sai a kai yaro gidan kaka ko gidan reno, ko a ɗauko 'yar aiki daga ƙauye. Wannan na ƙarshe abin dubawa ne, domin sau da yawa yarinyar da ake ɗaukowa shekarunta na makaranta ne. Ke nan karatun 'ya'yan wani gida yana tafiya ne a kan rashin karatun 'yar wani gidan.

Na uku shi ne aikin gida. Mace ta ɗauki wani ɓangare na nema, amma girki da wanki da shara suna nan a kanta. An sami ɗan sauyi, domin yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga uba ya ɗauko yara a babur ya kai su makaranta ko asibiti. Amma namijin da ya shiga madafa har yanzu yana tsoron a kira shi mijin-ta-ce, alhali malamai sun sha bayyana cewa taimaka wa iyali a aikin gida sunna ce.

Na huɗu shi ne lokacin aure da sharuɗɗansa. A gidajen da 'yan mata suke kammala sakandare, shekarun aure sun ɗaga. Ya zama ruwan dare iyaye su gindaya sharaɗin cewa yarinya za ta ci gaba da karatu a ɗakinta. Sai dai yawanci da baki ake yin alkawarin, kuma da zarar an sami ciki na fari sai maganar ta bi ruwa.

Na biyar shi ne mutuwar aure da halin da zawarawa suke shiga. Marubuta mata sun daɗe suna nuni ga wannan. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a shekarar 1990, labari ne na matar da miji ya kora da 'ya'yanta, ta riƙe su da sayar da abinci. A shekarar 2012 gwamnatin Jihar Kano ta hannun Hukumar Hisba ta fara shirin aurar da zawarawa, inda ake ba su kayan ɗaki da ɗan jari. Haɗawa da jarin ya nuna cewa hukuma ma ta yarda sana'ar mace tana cikin abin da yake riƙe aure. A shekarar 2017 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya gabatar da shawarar kafa dokar zamantakewar iyali wadda za ta duba ciyarwa da saki da ƙarin aure, abin da ya jawo doguwar muhawara a tsakanin malamai da jama'a.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsohon tsari ya tsaya ne a kan miji mai iya ciyarwa, da mace mai sana'a a cikin gida, da yaro mai kai kaya, da kuma babban gida mai raba nauyin reno. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya motsa, amma ƙa'idojin da muke auna juna da su na wancan zamani ne.

Saboda haka ina da shawarwari. Ga malaman makaranta, yana da kyau malami ya san ɗalibansa masu talla, da lokacin da suke yi, da abin da uwa take tarawa dominsa. Zama da iyaye mata a gidan mai unguwa ko a Islamiyya ya fi bulala da tara amfani, kuma a wasu wuraren mayar da tallar zuwa bayan tashi daga makaranta ya isa ya dawo da yarinya aji. Haka kuma ya kamata a riƙa koya wa yara maza dafa abinci da wanki da kula da ƙanne, domin da yawansu za su zauna a gidan da babu kaka babu matar baffa.

Ga dattawa da waliyyai, lokaci ya yi da za a riƙa sanya maganar karatu da aiki da albashi a cikin abin da ake tattaunawa ranar sa rana, a gaban shaidu, a kuma rubuta idan da hali. A fayyace cewa ciyarwa tana wuyan miji, a kuma fayyace abin da matar ta yarda za ta taimaka da shi bisa son ranta. Masu ɗaukar 'yan aiki su ma a riƙa tunatar da su cewa yarinyar da aka ɗauko amana ce, kuma tana da haƙƙin karatu.

A ƙarshe, tsofaffin da suka san gurza da shiɓa da kaɗi da saƙar gwado sun kusa ƙarewa. Zai yi kyau malaman tarihi da na Hausa su riƙa tura ɗalibai wurin kakanninsu su tambayo yadda ake waɗannan sana'o'i da abin da ake yi da ribarsu, a rubuta a adana a makarantu.